Kafin ka ba da arbun (kafin alƙalami): wa zai duba maka tsohon gida a Jidda ko Makka?

Lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, su Gulail da Sabil da Karantina da Nuzla Yamaniyya, dangi da yawa sun wayi gari suna neman matsuguni. Kawuna yana cikin waɗanda Allah ya rufa wa asiri, don gidansa yana da sakk, wato takardar mallaka, saboda haka diyyarsa ta haɗa da fili da gini. Kuɗin ba su kai na sabon gida ba, sai ya karkata ga tsoho. Dillali ya kai mu wani bene mai hawa biyu. Tun daga ƙofa ƙamshin sabon fenti ya tare mu, tayil yana ɗaukar ido, an yi silin na jibis an jera masa ƙananan fitilu.

Kawu ya taho da amininsa, mu'allim ne, wato babban magini, da ya haura shekara talatin yana ɗora bulo da yaɓe. Ya zaga, ya ƙwanƙwasa bango da bayan hannu, ya ce, "Alhaji, wannan ginin da ne, na yanzu ba sa kama ƙafarsa. Ba da arbun kafin wani ya riga ka."

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a ba ni kwana biyu in kawo injiniya."

"Kai ɗan nan, me injiniya zai gani wanda Malam bai gani ba?"

"Abin da ke bayan silin, Kawu."

Da injiniyan ya zo bai ko kalli fentin ba. Tsani ya nema, ya shiga banɗakin ƙasa, ya buɗe ƴar ƙofar silin, ya zura kai da tocila. Can sai ya kira mu, muka hau ɗaya bayan ɗaya. Kankare ya ɓare kamar faɗin faranti, rodi a waje ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. Ya sa sukundireba ya kankara, tsatsa ta zubo ɓawo-ɓawo a kan hular Kawu. Banɗakin sama ne ya daɗe yana yoyo a cikin rufin. Mu'allim bai yi ƙarya ba, bangon da ya ƙwanƙwasa lafiyarsa lau. Sai dai a irin wannan gini ba bangon bulo ke ɗauke da gida ba. Ginshiƙai da bim da rufin kankare su ke ɗauke da shi, su kuma an lulluɓe su.

Kowa yana kai wanda zai duba masa gida kafin ya saya. Inda ake faɗuwa shi ne wajen zaɓen mutumin, da sanin ko mutumin wane ne shi a cikin cinikin.

Da farko, raba masu zuwa kallon gida

Mutum biyar ne za su iya ce maka "na duba", kuma kowa abin da ya duba daban.

Dillali yana da lasisin Fal daga Hukumar Kula da Gidaje da Filaye ta ƙasa, kuma doka ta ɗora masa ya bayyana aibin da ya sani. Amma la'adarsa, wadda ake kira sa'ayi, kashi 2.5 cikin 100 ce in ba a yi wata yarjejeniya ba, kuma sai ciniki ya faɗa take shiga aljihunsa. A gidan riyal miliyan 1, riyal 25,000 ke nan. Ko waliyyi ne, kada ka ce ya kawo maka mai dubawa. Ba a ba kura ajiyar nama.

Na biyu shi ne mai ƙiyasta daraja, wanda banki ke turowa in da rance za ka saya. Yana ƙarƙashin hukumar Taƙyim. Mutane da yawa suna ganin ya zo da kyamara ya ɗauki hotuna sai su ce ai banki ya duba. Tambayar da aka aiko shi ya amsa ita ce nawa gidan zai yi a kasuwa. Ba zai hau tsani ya leƙa maka rodi ba.

Na uku mu'allim, da ƴan uwansa sabbak mai aikin famfo da mai gyaran wuta. Ba na raina su, kuma za ka buƙace su nan gaba. Sun san kuɗin aiki fiye da injiniya sau da yawa. Amma ba su da hatimi, ba su da lasisin da za su rasa, kuma in maganarsu ta zama kuskure abin da za ka samu shi ne "Allah ya ƙaddara". Ga kuma kunya: aminin babanka ne, ba za ka iya titsiye shi ba.

Na huɗu kamfanonin gano yoyon ruwa, masu liƙa lambar waya a jikin ƙofofi. Na'urorinsu suna aiki, amma yawancinsu ba da duban suke cin abinci ba, da gyaran da zai biyo baya ne. Wanda ke sayar da maganin rufi da wuya ya hau rufinka ya ce ba ya buƙatar magani.

Na biyar shi ne wanda kake nema: injiniyan gine-gine wanda ya ƙware a ƙashin gini, wanda ake ce wa muhandis insha'i. Lura da wannan, don kalmar muhandis ta yi araha, har mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ana kiransa da ita. Mai zanen fasalin gida, mi'imari, shi ma injiniya ne a bakin mutane, amma ƙarfin ginshiƙi ba fagensa ba ne.

Takardu kafin tsani

Kada ka biya injiniya sisin kwabo sai ka ga takardu, don gidan da takardunsa ba su da lafiya ba ya buƙatar a leƙa silin ɗinsa. Karɓi lambar sakk ka tantance ta a manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a. In tsohon sakk ne na takarda, sai mai gida ya sabunta shi ya koma na na'ura kafin a iya juya maka mallaka. Duba ko an jinginar da gidan. In na gado ne, kuma tsofaffin gidaje da yawa na gado ne, nemi takardar ƙididdige magada da wakilcin da kowannensu ya ba wanda ke sayarwa.

Sai lasisin gini daga baladiyya, wato ƙaramar hukuma. Riƙe shi a hannu ka ƙirga hawa. In takarda ta ce hawa biyu kai kuma kana ganin uku, ko an dasa mulhaƙ, wato ƙarin ɗaki, a kan rufi, to an ɗora wa harsashi nauyin da ba a lissafa da shi ba, ga kuma tara tana jiran mai gida na gaba, wato kai. Ka tambayi hukumar birni, wadda ake kira amana, ko unguwar tana cikin tsarin rusau ko faɗaɗa hanya. Wanda ya ga yadda aka kwashe unguwar Shamiyya a Makka tun 2008, ko abin da ya faru a kudancin Jidda, ba sai an ja masa kunne ba. In iyakar fili tana da shakka, mai safiyo ne zai auna, ba injiniyan gini ba.

A gefe guda, ga mai igama, wato takardar izinin zama, wanda ba ɗan ƙasa ba: sabuwar dokar mallakar baƙi ta fara aiki a Janairun 2026, kuma Makka da Madina suna da nasu sharuɗɗa na daban. Wannan maganar lauya ce. Sayen gida da sunan wani ɗan ƙasa bisa amana kuwa, ranar da ya rasu magadansa sakk za su karanta, ba alkawarin da kuka yi a masallaci ba.

Yadda za ka tace injiniyan

Nemi sunaye uku daga mutanen da suka riga suka sayi tsohon gida kuma suka shekara a ciki. Wanda ya tare jiya bai san ko an yi masa aiki mai kyau ba tukuna. Akwai kuma hanyar hukuma, wato shirin Bina'ul Mustadam da aka kafa ƙarƙashin ma'aikatar gidaje, inda ake neman mai duba ginin da aka kammala ta intanet. Hanya ce mai kyau, amma dubansu ya fi karkata ga aibin da ido ke gani. Gidan da ya haura shekara talatin yakan buƙaci fiye da haka.

Duk wanda ka samu, tambaya ta farko ita ce lambar rajistarsa a Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya. Baƙon injiniya ba ya aiki da sunan injiniya sai da wannan rajista, saboda haka babu uzurin "ai ni daga waje na yi karatu". Hukumar tana da matakai huɗu: muhandis, musharik, muhtarif, sai mustashar a sama. Tantance lambar da kanka, ka ga fanninsa na gine-gine ne, kuma rajistar ba ta ƙare ba. Sannan ka tambayi ofishin injiniyanci mai lasisi da zai buga hatimi a rahoton. Rahoton da babu hatimin ofishi, in rigima ta kai gaban alƙali, nauyinsa kaɗan ne.

Daga nan sai hira, kuma a nan ne ake gane gwani. Tambaye shi tsofaffin gidaje nawa ya duba a wannan gari. Ba tambayar banza ba ce. Yawancin tsofaffin gidajen da ke kasuwa an gina su ne a zamanin bunƙasar mai, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980, bayan an kafa Asusun Raya Gidaje a 1974 ya shiga ba da rance. An yi gini da gaggawa, kuma a garuruwan bakin teku an sha kwaɓa kankare da yashi ko ruwa mai gishiri. Ƙa'idar Gini ta Saudiyya ba ta hau kan ƙananan gidajen zama ba sai 2021, haka ma inshorar shekara 10 ta ɓoyayyen aibi sababbin gine-gine ta shafa. Tsohon gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Cutar Jidda kuwa danshi ne da gishiri da ruwan ƙasa da ke kusa da sama. Cutar Makka daban ce: gini a gefen dutse, katangar da ke tare ƙasa, da hanyar da ruwa ke bi in ya gangaro. Injiniyan da ya saba da sababbin gidajen Riyad zai iya wuce waɗannan bai gani ba.

Ka ce ya nuna maka rahoton da ya taɓa rubutawa, a rufe sunan mai shi. In ka ga shafi biyu cike da alamar "lafiya, lafiya, lafiya", yi masa godiya ka tafi. Ka tambaye shi ko yana karɓar kwangilar gyara, ko yana da ɗan kwangilar da yake turawa. In ya ce e, ka san ya zama mai saye da sayarwa. Ka tambaye shi awa nawa zai yi. Wanda ya ce rabin awa ya ishe shi a bene hawa biyu, yawon buɗe ido zai zo. Tambayar da na fi so ita ce, "Me ba za ka iya gani ba?" Gwani zai lissafa maka: harsashin da ke binne, bututun da ke cikin bango, ƙarfin kankare in ba a yi gwaji ba. Wanda ya ce na'urarsa tana ganin komai, tallan na'ura yake yi.

Kuɗinsa kai za ka biya, daga aljihunka, da rasit. In mai gida ya ce zai ɗauki nauyi, ko yana da rahoton da aka riga aka yi, karɓa ka karanta, amma ka kawo naka. Kuɗin duba ba ya kama ƙafar la'adar dillali, balle harajin cinikin gidaje na kashi 5 cikin 100 da aka fara karɓa a Oktoban 2020. Mutum ya yarda da waɗannan ba musu, sai a kan kuɗin injiniya ya tsaya ciniki kamar mai sayen tumatir.

Sharaɗi a rubuce

Arbun shi ne kafin alƙalami, kuma in ta hannun dillali aka bi doka ba ta yarda ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin gida ba. Abin da ya fi shi ne a duba kafin ka ba da shi. In kasuwa ta matse dole ka bayar, a rubuta cewa cinikin ya rataya ne ga sakamakon duban injiniyan da kai ka zaɓa, cikin kwana kaza, kuma in an sami aibi a ƙashin gini za a mayar maka da kuɗinka cif. A rubuta kuma cewa mai gida ya yarda a buɗe silin, a hau rufi, a buɗe hazzan (tankin ruwa na ƙasa), a ɗan ɓare yaɓe a wuri biyu ko uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce ɗakin nan a kulle yake makullin ya ɓata, wannan ɗakin ne za a fara buɗewa.

Ranar dubawa

Ka je da kanka, da rana, ka tabbata akwai wuta da ruwa a gidan. Kada ka cika injiniyan da surutu, amma ka bi shi, don yadda yake aiki shi zai nuna maka ko ka yi zaɓe.

Mai hankali daga waje yake farawa. Zai kalli ƙasan bango ko akwai farin gishiri yana tsattsafowa, ya kalli titi ko ya fi daɓen gidan tudu, ya nemi tsohon layin da ruwa ya taɓa bari a katanga. Ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009 da ta cinye unguwar Ƙuwaiza a Jidda, da ta Janairun 2011, da ta Nuwamban 2022, duk sun bar alama a gidajen da fenti ya rufe. Kai kuma ka sulale ka gaisa da maƙwabci ko mai kanti na kan kwana, ka tambaye shi inda ruwa yake kaiwa in an yi sama.

Sannan hazzan, tankin ruwan da ke binne a ƙasa, da bayyara, ramin da ƙazanta ke taruwa a unguwannin da babu magudanar gwamnati. Waɗannan biyun su suka fi kashe tsofaffin gidaje a ɓoye. In hazzan ya tsage, ruwa yana tsiyaya ƙarƙashin harsashi shekara da shekaru, ƙasa tana zaizayewa, gida yana nutsewa ta gefe ɗaya. Gwajinsa ba wuya: a rufe shiga da fita, a yi alama a bakin ruwa, a dawo bayan awa 24. A leƙa rufin hazzan daga ciki, don nan rodi ke fara ruɓewa, kuma sau da yawa a kansa ake ajiye mota. A auna tazararsa da bayyara. Ka tambayi sau nawa ake kiran wayit, wato tankar ruwa, ya kawo ruwa, da sau nawa ake kiran mai zuƙe bayyara. In amsar ba ta yi daidai da yawan mutanen gidan ba, akwai inda ruwa ke tafiya.

Tsaga kuwa ba duka ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi a jikin yaɓe, ko wadda ta bi mahaɗar bulo da ginshiƙi, yawanci ta zafi da sanyi ce. Wadda ke tayar da hankali ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗi a sama da tsukewa a ƙasa, musamman in ƙofar ɗakin ta daina rufuwa daidai. Mafi muni ita ce mai miƙewa a jikin ginshiƙi ko ƙarƙashin bim tana bin layin rodi, da jan tabo a bakinta. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ninka girmansa, ya tura kankare waje. Injiniya zai bi ginshiƙan ƙasa da ƙaramar guduma, inda ya ji ƙara kamar ta fasasshiyar ƙwarya ya yi alama.

In ya fito da gudumar Shimit, wadda ake dannawa a jikin kankare ta ba da lamba, ka sani taurin fata kawai take aunawa, kuma tsohon kankare fatarsa takan yi tauri ta ba da lamba mai daɗin ji alhali ciki ba haka yake ba. In akwai shakka, gwani zai ce a yanko ɗan guntun kankare mai siffar gwangwani a kai ɗakin gwaji a matse shi, a kuma auna gishirin da ke ciki. Akwai wani ruwa da ake fesa wa sabon yankan: inda ya koma ruwan hoda kankare yana kare rodi, inda bai canza launi ba kariya ta tafi. Wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin kwanaki, kuma ba kowane gida ke buƙata ba. Kyamarar zafi ita ma ba ta ganin cikin bango, bambancin zafi da sanyi take nunawa, sai an bi bayanta da na'urar auna danshi.

Rufi a toshe magudanarsa a tara ruwa kwana ɗaya ko biyu, sannan a duba ƙasansa. Bututun ruwa in na ƙarfe ne irin na da, ka sa kuɗin canza su duka a lissafinka. Wuta kuwa tana da nata labari: tsofaffin gidaje an yi su a kan tsarin volt 127 da 220, kuma tun 2010 ƙasar ta yanke shawarar komawa 230 da 400. A kawo ƙwararren mai wuta ya buɗe akwatin rarraba wuta, ya ga ko akwai wayar ƙasa, ko akwai makashin da ke katsewa in wuta ta taɓa mutum, ko wayoyin za su ɗauki na'urar sanyaya ɗaki shida a watan Agusta. Ƙofofin katako a soka musu sukundireba ta ƙasa saboda gara.

Rahoton, da abin da za ka yi da shi

Rahoton kirki yana da hoto ga kowane aibi da wurin da yake, da dalilinsa, kuma ya raba su gida uku: wanda ya shafi tsayuwar gini, wanda zai ci kuɗi nan da shekara ɗaya ko biyu, da na kwalliya. Ya faɗi wuraren da ba a samu shiga ba. Ya ɗauki sunan injiniya da lambar rajistarsa da kwanan wata da hatimi. In da Larabci aka rubuta kuma Larabcinka na kasuwa ne, zauna da shi ya karanta maka baki da baki, ka tambaye shi kai tsaye, "Injiniya, in mahaifinka ne, za ka ce ya saya? In zai saya, a nawa?"

Yanzu ne lokacin mu'allim da sabbak. Ba su rahoton, mutum biyu ko uku su yi maka kuɗin gyara a rubuce, ka je wa mai gida da lissafi. Ragi ya fi "zan gyara maka", don mai sayarwa gyaran rufe ido zai yi. Kada kuma ka dogara da cewa in aibi ya fito daga baya za ka kai ƙara. Haƙƙin mayar da kaya saboda aibi yana nan a fiƙihu, kuma Dokar Mu'amalar Jama'a ta 2023 ta tabbatar da shi, amma ta sa wa'adin kwana 180 daga ranar da aka miƙa maka, sai in mai sayarwa ya ɗauki lamunin da ya fi haka ko ya yi ha'inci. Yoyon rufi kuwa yana iya jiran ruwan sama na farko, wanda a Jidda zai iya shekara bai zo ba.

Kawu bai sayi wancan bene ba. Na biyun da muka gani fentinsa ya koɗe, matan gida ma sun ɗan yamutsa fuska, amma ginshiƙansa garau, aibinsa hazzan ne da wayoyin wuta. An rage masa kuɗin gyaransu. Ranar da za a juya mallaka, da safe, injiniyan ya sake zagawa bayan masu gida sun kwashe kaya, don akwai bangon da kabad ta rufe a zuwan farko. Mu kuma muka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa, muka tabbatar babu bashi a kansu, sannan Kawu ya danna amincewa a wayarsa.